WA YA ƊORA MASA? Hukuncin Haɗa Kai Domin Kare Ƙasa, Ruwa Da Itace

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya saukar da ruwa bisa gwargwado, Ya fitar da tsiro iri iri domin abincin mutane da dabbobinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, a 'yan shekarun nan wata al'ada ta ɓullo a birane da ƙauyuka. Sai a ga saurayi, ko malamin makaranta, ko wata baiwar Allah mai 'ya'ya, sun tashi haiƙan suna bin gida gida, suna kiran jama'a su fito a yashe lambatu kafin damina, ko a dasa itace a bakin hanya, ko a bar zuba leda cikin kududdufi. Waɗansu har su kafa ƙungiya, su naɗa shugaba da ma'aji, su tsai da ranar taro. Su ne a ke kira masu fafutukar kare muhalli, watau masu tsayawa tsayin daka domin kada a ɓata ƙasa da ruwa da iska da itatuwan da rayuwar mutane ta rataya a kansu.

Ba kowa ke yi musu kallon alheri ba. Wani ya ce ai wannan aikin hukuma ne, su wa ya ɗora musu? Wani ya ce al'adar Turawa ce aka kwaso, ba a san ta cikin addini ba. Wani kuma ya ce ruwa da fari duka na Allah ne, ɗan Adam ba ya iya tare hamada da dashen darbejiya. Akwai kuma waɗanda ba su cewa kome a wurin taro, sai sun koma gida: matar da ba ta da abin hura wuta in ba itace ba, da mai gawayin da ke ciyar da mutum goma da gatarinsa. Tasu tambayar gajeruwa ce, kuma ta fi sauran nauyi: in an hana sara, me za a ci?

To, abin da za a duba a filin wannan mako shi ne, shin ya halatta ga Musulmi, ko ma ya wajaba a kansa, ya tashi ya tara jama'a domin wannan aiki? In kuwa haka ne, da wane sharaɗi, kuma a wuyan wa nauyin zai faɗa?

Ƙasa amana ce

Alƙur'ani mai girma ya ba da labari cikin Suratul Baƙara cewa an sanya ɗan Adam halifa a bayan ƙasa. Halifa kuwa wakili ne, wakili kuma ba ya yin yadda ya ga dama da dukiyar da aka damƙa masa. Suratul Ahzab ta ambaci amanar da sammai da ƙasa da duwatsu suka ji tsoron ɗauka, mutum ya ɗauka. Suratul A'araf ta hana ɓarna a ƙasa bayan an gyara ta, ta kuma hana almubazzaranci wajen ci da sha. Aya ta 41 ta Suratur Rum ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannuwan mutane suka aikata. Haka kuma aya ta 205 ta Suratul Baƙara, da ta zo siffanta wani mugun mutum mai daɗin baki, alamar da ta bayar ita ce halakar da shuka da dabbobi. Wanda ya karanta waɗannan ayoyi da natsuwa ba zai ce kula da ƙasa baƙon abu ne da aka shigo da shi daga waje ba.

Hadisai ma sun cika da wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa dashen da Musulmi ya dasa, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce ga mai dashen. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan yin bayan gida a mashaya, da tsakiyar hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya aika Sham, inda ya hana su sare itace mai 'ya'ya. In har mayaƙi a fagen fama ba shi da izinin sare itacen abokin gaba, to ina ga mai zaman lafiya a garinsu?

Amma batun cewa fari na Allah ne, wannan gaskiya ce wadda babu mai musunta. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa kore riƙo da sababi ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba, sai ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ya ke yi. Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka wani kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe: ko wanne ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Haka al'amarin fari ya ke. Allah ke saukar da shi, amma abin da zai tarar a ƙasa aikin mutane ne. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, sun hallaka dabbobi masu yawa a ƙasashen Sahel, suka raba mutane da garuruwansu. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye cikin shekarun 1980 har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Babu mai cewa gatari ne ya hana ruwan sama a waɗannan shekaru. Amma kowane manomi ya san bambancin gonar da ke da itatuwa da wadda aka share ƙwal: ɗaya ta kan riƙe ƙasarta da laimarta, ɗaya kuwa iska ta kwashe albarkarta, rairayi ya binne shukar tun tana ƙarama.

Me ya sa mutum ɗaya bai isa ba

Ɓarnar muhalli tana da wata siffa da ta bambanta ta da sauran laifuffuka. Ɓarawo ya san wanda ya sata wa, mai ƙarya ya san wanda ya yaudara. Amma wanda ya jefa leda ɗaya cikin lambatu bai ga wanda ya cuta ba, kuma da gaske ledarsa ita kaɗai ba ta toshe kome. Sai an haɗa tasa da ta mutum dubu, sa'an nan ruwan Agusta ya rasa hanya, ya faɗa gidan wata tsohuwa a gangaren unguwa wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Kowa ya yi kaɗan, babu wanda ya ji ya yi laifi, ga kuma gida ya rushe. Abin da aka haɗu aka ɓata ta wannan hanya, mutum ɗaya ba ya iya gyara shi, kome tsoron Allahnsa. In ya tsare hannunsa ya kuɓuta daga nasa zunubin, amma lambatu yana nan a toshe.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga misalin da ya dace da wannan cikin hadisin Nu'umanu ɗan Bashir wanda Buhari ya ruwaito. Waɗansu mutane ne suka shiga jirgin ruwa, aka yi ƙuri'a, waɗansu suka sami bene, waɗansu ƙasa. Na ƙasa in suna son ruwa sai sun hau sun ratsa ta wurin na sama. Sai suka yi shawarar su huda wajen da ya ke rabonsu, su riƙa ɗiba daga nan, kada su dami kowa. In na sama suka ƙyale su, duka za su nutse. In suka riƙe hannunsu, duka za su tsira. Darasin farko a fili ya ke: a cikin jirgi ɗaya babu mai cewa nan rabona ne, in yi yadda na so. Gonar mutum tasa ce, amma iskar da za ta taso daga cikinta ba ta san iyaka ba.

Saboda irin wannan ne malaman fiƙihu suka raba farali gida biyu. Akwai na aini, wanda ke kan kowane baligi, kamar salla. Akwai na kifaya, wanda in waɗansu suka tsaya da shi ya sauka daga kan saura, in kuwa kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Shaihu Halilu cikin Muhtasar ya lasafta tunkuɗe cuta daga Musulmi, da umurni da kyakkyawa, cikin farillan kifaya. Saboda haka tambayar nan ta wa ya ɗora masa tana da amsa. Shari'a ce ta ɗora wa unguwa duka, shi kuwa wanda ya tashi yana sauke wa saura nauyi ne. Godiya ta kamace shi kafin zargi.

Haɗa kai domin alheri kuwa ba sabon abu ba ne. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta yi umurni da taimakon juna a kan aikin ƙwarai da tsoron Allah. Tun kafin aike, Annabi yana saurayi ya halarci wani ƙawance a gidan Abdullahi ɗan Jud'an a Makka, wanda a ke kira Hilful Fuduli, inda dangogin Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta, bayan an danne wa wani baƙon falke daga Yaman kuɗinsa. Bayan zuwan Musulunci ya yabi wannan ƙawance, ya nuna da za a kira shi ga irinsa da ya amsa. A ƙasar Hausa ma kakanni sun san gayya, sun san hurumin gari inda ba a noma, sun san burtali da mashaya waɗanda ba a tare su. Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Ƙungiyar samarin da ke yashe lambatu jikar gayya ce, ko da ta sake suna.

Sharuɗɗa uku

Sai dai kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Malaman Malikiyya, cikinsu har da Ibn Rushdi kaka, sun kafa wa mai umurni da kyakkyawa da hani da mummuna sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ya san abin da ya ke umurni da shi da abin da ya ke hanawa. Na biyu, ya amince haninsa ba zai jawo ɓarnar da ta fi wadda ya ke so ya kawar ba. Na uku, ya yi zaton maganarsa za ta yi amfani. Suka ce in biyun farko ba su cika ba, aikin bai ma halatta ba, in na uku ne bai cika ba, wajabci ne kawai ya sauka. Duk mai son kafa ƙungiyar kare muhalli ya kamata ya auna shirinsa da wannan ma'auni kafin ya buga takardar gayyata.

Sharaɗi na farko, watau sani, babu abin da ya fi bayyana shi kamar abin da ya faru a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa wajen renon dashe da rarraba shi, amma mafi yawansa rana da awaki da gara suka cinye. Cikin masu wannan aiki akwai wani malamin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda wata ƙungiyar mishan ta aiko. A 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da ke tohowa a gonaki, waɗanda a ke sassabewa kowace bazara a ƙone, ba ciyayi ba ne. Kututturan manyan itatuwa ne da aka sare tuntuni, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da su ke bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya bar su, ya datse saura, ya tsare su daga wuta da dabba. Da ya ke saiwar ta riga ta yi zurfi, ba a bukatar ban ruwa. Wannan dabara manoma suka sa mata suna sassabin zamani. A lokacin yunwar 1984 aka haɗa ta da rabon abinci, manoma da yawa suka karɓa. Da yunwa ta wuce waɗansu suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfani, maƙwabta kuma suka kwaikwaya. A wajen Damagaram manoma da dama sun kama wannan hanya da kansu, musamman wajen kiwon gawo, itacen da ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, ya kuma ƙara wa ƙasa taki. Binciken da aka yi da hotunan sama cikin shekarun 2000 ya kimanta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200. Dajin yana nan tun farko ƙarƙashin ƙafafun mutane, sani ne ya yi ƙaranci. Kuma kasancewar wanda ya jawo hankali gare shi ba Musulmi ba ne bai hana manoma Musulmi karɓa ba, gama mai hankali ba ya ƙin magani domin wanda ya kawo shi.

Sharaɗi na biyu shi ne ya dawo da zance kan matar nan mai girki da mai gawayi. A sake duban hadisin jirgi. Mutanen ƙasa ba miyagu ba ne. Ƙishirwa su ke ji, kuma abin da ya sa suka so huda jirgin shi ne gudun damun na sama. An umurci na sama su riƙe hannunsu, haka ne. Amma mai hankali ya san in an riƙe hannun mai ƙishirwa ba a ba shi ruwa ba, da dare ya yi zai koma ga gatarinsa. Riƙe hannu rabin aiki ne, sauran rabin shi ne a buɗe musu hanyar hawa bene.

Sayyidina Umar ya gane wannan sarai. Manzon Allah ya keɓe wurin kiwo a Naƙi'i kusa da Madina, Umar kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka da na jihadi. Irin wannan wuri shi a ke kira hima da Larabci, shi ne kusan hurumi a nan. Buhari da Malik sun ruwaito umurnin da Umar ya ba Hunayyu, wanda ya wakilta a kan hurumin. Ya ce masa ya sassauta wa jama'a, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, waɗannan attajirai in dabbobinsu sun mutu suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa in nasa suka mutu, wurin Umar zai zo da 'ya'yansa yana kuka. Mai karatu ya lura: an kare ciyawa, amma nauyin karewar a wuyan mai hali aka ɗora shi, ko da kuwa mai halin yana cikin sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna.

Yau sau da yawa akasin haka a ke gani. A kama tsohuwa da ɗaurin ƙirare, a bar babbar mota shaƙe da buhunan gawayi ta wuce. Ƙungiyar da ta bi wannan hanya ta faɗi sharaɗi na biyu, domin ta sayi itace da zalunci. A Nijar ma an ga haka. Tun zamanin mulkin Faransa doka ta mai da itatuwa da yawa mallakar hukuma, har manomi na iya biyan tara a kan itacen da ke tsakiyar gonarsa. Sakamakon haka sai ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa malamin daji. Da aka sassauta, har dokar gandun daji ta 2004 ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen gonarsa, sai mai sara ya koma mai gadi. Kuma rassan da a ke datsewa wajen sassabin zamani su ne suka zama itacen girki, mata suka huta da doguwar tafiya. Ashe dai an sami hanyar da itace zai rayu, tukunya kuma ta tafasa.

Sharaɗi na uku shi ne amfani. An saba ganin bikin dashen itatuwa: a zo da manyan baƙi, a ɗauki hoto, a watse, bayan wata biyu ba abin da ya rage sai ramuka. Wangari Maathai ta ƙasar Kenya, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu dashe a 1977, ta kuma sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 2004, ta kauce wa wannan ta hanyar ba mata ɗan lada a kan dashen da ya rayu, maimakon wanda aka binne kawai. Babban shirin nan kuma na Tarayyar Afirka, na kafa katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, wanda aka amince da shi a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada, burinsa shi ne farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna abin da aka gyara cikin yankin shirin a lokacin bai wuce hekta miliyan 4 ba. Mai karatu ya gwada wannan da abin da talakawan Maraɗi da Damagaram suka yi da wuƙa da lauje, zai ga itace ya fi rayuwa inda ya ke da mai shi.

Yadda za a tsara aikin

Wanda ya auna kansa da waɗannan sharuɗɗa ya ga zai iya, to ya fara da gidansa. Suratus Saffi ta yi zargi mai tsanani ga mai faɗin abin da ba ya aikatawa, kuma babu wanda zai bi mai wa'azin tsabta alhali kwatar gidansa ce ke malala a hanya. Sa'an nan ya nemi sani wurin masu shi: tsofaffin manoma waɗanda suka san inda kuka da ɗorawa da kaɗanya su ke kafin a sare, da malaman gona, da ma'aikatan tsabta.

Bayan haka sai shawara. Kada ya zo wa mutane da shiri gamamme yana neman 'yan aiki. Ya gai da mai unguwa ko dagaci, ya sanar da liman, ya nemi sarkin noma da arɗon Fulani. Kada a manta da mata, gama su suka san tsadar itace da nisan rijiya. Mai gawayi ma a kira shi, a ba shi tabarma, a ji ta bakinsa. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye a Nijar, kwamitin da ke tsaron itatuwa ya haɗa manoma da makiyaya da mata, domin dokar da aka yi da mutum ya fi kiyaye ta bisa wadda aka yi a bayansa.

Sa'an nan a zaɓi aiki ɗaya wanda ƙarfin jama'a zai kai: lambatu ɗaya, ko makarantar allo ɗaya da ke bukatar inuwa, ko maƙabarta, ko gonaki goma da za a gwada sassabin zamani. A san lokacinsa, domin yasar lambatu kafin ruwan fari a ke yinta, dashe kuwa sai damina ta kankama. Kowane dashe a ba shi mai shi da suna, da shinge, da wanda zai ba shi ruwa rani biyu na farko. Bayan shekara a koma a ƙirga waɗanda suka rayu, a faɗa wa jama'a gaskiyar adadin, ko da da kunya. In an tara kuɗi, ko na sisin kwabo ne, a rubuta, a karanta a bainar jama'a, gama ƙungiyoyi da yawa ba fari ne ya kashe su ba, asusu ne.

Masallaci yana da babban rabo a nan. A tsibirin Misali, kusa da Pemba ta ƙasar Tanzaniya, masunta sun daɗe suna kamun kifi da nakiya, suna rusa wuraren da kifi ke hayayyafa, hanin hukuma kuwa bai hana su ba. Wajen shekarar 2000 aka haɗa kai da limamai da malaman islamiyya, suka riƙa bayyana ayoyin amana da halifanci, masunta da yawa suka bar wannan ɗabi'a. Abin da tsoron tara bai yi ba, tsoron hisabi ya yi. Huɗuba ɗaya a farkon bazara a kan haƙƙin hanya da maƙwabci tana iya fitar da mutanen da takardar gayyata ba za ta fitar ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gayya. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Madatsar ruwa ba da kwando da shebur a ke gyara ta ba. A irin wannan wuri aikin ƙungiya shi ne nasiha ga masu mulki, wadda hadisin Tamimud Dari ya sanya ta cikin addini. A tafi da hujja, da ladabi, da naci, a rubuta, a sake rubutawa, a nemi wakilai, a faɗi gaskiya ba tare da zagi ko ƙage ba. Ƙona dukiyar jama'a ko ɗaukar doka a hannu da sunan kare ƙasa ɓarna ce a kan ɓarna, kuma sharaɗi na biyu ya riga ya hana ta.

Daga ƙarshe mai wannan aiki ya tsare zuciyarsa. Ƙofa biyu Shaiɗan ke shigo masa. Ta farko riya, har hoton da a ke ɗauka ya fi dashen muhimmanci, har kuma ya fara raina maƙwabcinsa yana ganin shi kaɗai ne ya waye. Ta biyu ɗebe tsammani, in ya ga ya kira mutum ɗari, bakwai suka zo, ko ya ga awaki sun cinye aikin wata uku. Maganin duka biyun yana cikin hadisin Anas wanda Imamu Ahmad ya ruwaito, inda aka umurci wanda tashin alkiyama ya riska da ɗan dashen dabino a hannunsa, in yana da zarafin dasawa, ya dasa. Wannan dashe babu mai shan inuwarsa, babu kuma mai yabon wanda ya dasa shi, amma duk da haka an ce a dasa. Tsamiyar da a ke hutawa ƙarƙashinta a ƙofar gari, ba a san sunan wanda ya bar ta ta girma ba, ladarsa kuwa tana gudana.

Saboda haka amsar tambayar da aka buɗe da ita ita ce, tashi domin kare ƙasa da ruwa da itace aiki ne na lada, yana ma kai wa ga farali na kifaya inda cuta ta tabbata. Sharaɗinsa a yi shi da sani, da shawara, da adalci irin na Umar, yadda mai 'yan tumaki kaɗan ba zai zama shi ne mai biyan bashin da gari duka ya ci ba.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kiyashe bayinSa daga fari da ambaliya, Ya sa a sauke amana kafin ranar da za a tambaye ta. Allah Shi ne mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai rai.